Yadda Na Kamo Hasashen Yanayin Teku Daga Rufin Gidanmu a Kano

Tsakanin birnin Kano da bakin teku mafi kusa akwai tazarar kusan kilomita 800, saboda haka yawancinmu a nan ba mu taɓa sanin cewa akwai tashoshin rediyo da ba su da wani aiki sai gaya wa matuƙan jiragen ruwa yadda iska za ta kaɗa da yadda igiyar ruwa za ta tashi ba. Ni ma, duk da cewa gyaran kayan lantarki ne sana'ata, kuma na tashi a gidan da ba a kashe rediyon gajeren zango, ban san da su ba sai da ƙanina ya kammala karatu a makarantar koyon aikin jiragen ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom, ya samu aiki a wani jirgin dakon mai da ke zirga-zirga a mashigin tekun Gini. Idan jirginsu ya bar tasha wayarsa takan yi shiru na tsawon makonni, mahaifiyarmu kuwa ba ta da wanda za ta tambaya sai ni, kuma kullum tambayar ɗaya ce, wato ko ruwan lafiya yake a inda suke.

Da ya zo hutu sai na zaunar da shi a shagona na ce ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce, "Yaya, ai babu jirgin da ke tafiya a makance. A ɗakin tuƙi akwai na'urar da ke buga mana takarda da kanta, ko mun nema ko ba mu nema ba, kuma dole jami'in da ke bakin aiki ya karanta ta ya sa hannu." Daga bakinsa na fara jin sunan GMDSS, tsarin duniya na neman agaji da kauce wa haɗari a teku, wanda hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta amince da shi a 1988, aka soma aiki da shi a 1992, ya kuma zama wajibi baki ɗaya a ranar 1 ga Fabrairun 1999, lokacin da manyan jirage suka daina dogaro da bugun Morse. Tushen dokar ya koma can baya, domin nutsewar jirgin Titanic a 1912 ce ta haifar da yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku a 1914. Tsarin ya raba teku gida huɗu gwargwadon nisan jirgi daga tudu. Akwai yankin kusa da gaɓa, inda rediyon VHF ke kaiwa, mil 20 zuwa 30 na teku. Sai yankin da matsakaicin zango ke kaiwa. Sai tsakiyar teku inda ake dogara da tauraron ɗan'adam. Sai kuma can ƙarshen duniya ta kudu da ta arewa, inda gajeren zango ne abin dogaro.

Wannan rabo ya nuna mini inda ba zan ɓata lokacina ba. Tasha ta 16 a kan megahaz 156.8 ita ce wadda kowane jirgi da kowace tashar masu gadin gaɓar teku ke saurare dare da rana, kuma a ƙasa irin Birtaniya a kanta ne masu gadin gaɓa suke sanarwa duk bayan awa uku cewa za a karanta hasashen yanayi, sannan su ambaci tashar da za a koma a saurara. Amma muryar VHF ba ta bin lanƙwasar ƙasa, iyakarta inda ido zai iya hangowa daga saman eriya, don haka ko da na ɗora eriyata a kan Dutsen Dala ba zan ji abin da ake faɗa a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas ba. Abin da ya rage mini shi ne gajeren zango, da matsakaicin zango, da tauraron ɗan'adam.

Na fara da tsohon rediyon mahaifinmu, na yi ta murɗa shi a wuraren da ƙanina ya rubuta mini, ban ji komai ba sai gunji da wata murya a shaƙe da ba a gane ko harshen da take yi. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda a hannunsa maigidana ya koyi aiki. Ya saurara kaɗan ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, rediyon nan lafiyarsa ƙalau, amma na jin labarai ne. Masu jirgin ruwa da na sama rabin murya suke aikawa, sai ka samu wanda zai cika maka ɗaya rabin." Abin da Baba, wato wannan dattijo, yake nufi shi ne, gidajen rediyo irin su BBC da Muryar Jamus suna aika murya a gefe biyu tare da igiyar da ke ɗauke da ita, su kuwa tashoshin teku gefe ɗaya kawai suke aikawa, abin da ake kira SSB, domin rage ƙarfin wuta da kuma barin fili ga wasu tashoshin. Na sayo wata ƙaramar na'ura mai suna RTL-SDR, wadda girmanta bai wuce na filashin kwamfuta ba, ana soka ta a jikin kwamfuta sai manhaja ta yi aikin da kayan cikin rediyo ke yi, kuma irin wadda na saya tana kamawa tun daga gajeren zango har sama da megahaz 1,600. Eriya kuwa wayar jan ƙarfe ce mai tsawon kimanin mita 20, na ɗaure ta daga ƙarfen tankin ruwa zuwa wata gora da na kafa a kusurwar rufi, na kuma buga sandar ƙarfe a ƙasa kusa da magudanar ruwa, inda ƙasar ba ta bushewa ƙarƙar ko da rani. Baba ya ja kunnena a kan abu guda, cewa da zarar hadari ya haɗu in zare wayar daga na'urar in jefa ta waje, domin tsawa ba ta san kwamfuta mai tsada ba.

Babban abokin gabar mai sauraro a cikin gari shi ne ƙarar kayan wuta. Na'urar tana nuna zangon a fuskar kwamfuta tamkar labule mai saukowa, kowace tasha siririn layi ce a jikinsa, amma a unguwarmu abin da na fara gani shi ne labulen duk ya yi fari fat saboda cajar waya marasa kyau, da ƙwan fitila na zamani, da injin juya wutar sola na maƙwabta. Na bi gidanmu ina zare abubuwa ɗaya bayan ɗaya har na gano cewa cajar kwamfutar kanta ce ta fi kowa laifi, daga nan na koma sauraro da batir kaɗai. Wani abin dariya shi ne, lokacin da kowa ke tsaki don an ɗauke wuta ni lokacin nake murna, domin a 'yan mintocin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janaretocin unguwa zangon yakan yi tsit, tashoshi masu rauni su fito sarai. Sai kuma batun agogo. Duk jadawalin teku da agogon duniya na UTC ake rubuta shi, mu kuwa a Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka na rataye agogo na biyu a ɗakin na mayar da shi baya da awa guda, na huta da lissafi.

Tashar da na fara kamawa ta Jamus ce. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana da tashar aikawa a Pinneberg, kusa da Hamburg, wadda take kusan saitin arewa da Kano, tazarar fiye da kilomita 4,500. Da yamma bayan sallar Magariba na saita na'urar a kilohaz 10100.8, sai na ji sauti biyu suna musanya da sauri, ƙiriri-ƙiriri, ba tsayawa. Wannan shi ne tsohon tsarin tafireta ta rediyo, inda sauti ɗaya ke nufin kunnawa ɗaya kuma kashewa, sau 50 a daƙiƙa. Na buɗe manhajar Fldigi, wadda kyauta ake saukar da ita, na gaya mata saurin da kuma tazarar haz 450 da ke tsakanin sautukan biyu. Da farko shirme ne ke fitowa, haruffa da lambobi a cakuɗe, sai da na danna wurin da ke juya sautukan, na sama ya koma na ƙasa, nan take rubutu ya miƙe. Layin farko da na karanta kiran tashar ne, CQ sau uku, sannan lambobin shaidarta DDK2 da DDH7 da DDK9, sai jerin RYRYRY da ake aikawa don mai sauraro ya daidaita na'urarsa. Bayan haka hasashe ya soma zubowa da Turanci, yanki bayan yanki, na Tekun Arewa da tekun Baltik da Bahar Rum. Babu ko ɗaya da ya shafi inda ƙanina yake, amma daga daren nan na tabbatar da cewa wayata da gorata suna aiki.

Taswirar yanayi ta fi ba ni wahala, ta kuma fi ba ni sha'awa. Wannan tasha ta Jamus tana aika hotunan taswira ta rediyo a kan kilohaz 3855 da 7880 da 13882.5, kuma a Kano na ƙarshen ne ya fi zuwa da rana, na tsakiyan da dare. Ƙa'idar ita ce a saita na'ura kilohaz 1.9 ƙasa da lambar da aka rubuta, sannan a jira. Kafin hoto ya fara akan ji wani sauti mai tsawo da ke tayar da na'urar karɓa, sai bugun daidaitawa na kimanin rabin minti, sai hoton kansa ya soma sauka layi-layi, layi 120 a minti ɗaya, sautin haz 1500 yana nufin baƙi, na 2300 yana nufin fari. Taswira ɗaya takan ɗauki minti goma ko fiye. Ina zaune ina kallo gaɓar Girinlan ta fito daga sama, sannan Ayislan, sannan tsibiran Birtaniya, sai layukan da ke haɗa wuraren da nauyin iskarsu yake daidai suka fara zagaye wani wuri a yammacin Ayalan, suna ƙara matsuwa da juna. Duk lokacin da wani ya tayar da babur a ƙofar gida sai ɗigo-ɗigon baƙi su tsallaka hoton, idan kuma siginar ta dusashe na ɗan lokaci sai a ga ɗamarar toka a tsakiyar Atlantika. Hotunana na farko sun fito a karkace, domin agogon cikin kwamfuta bai yi daidai da na tashar ba, amma manhajar tana da wurin gyara wannan, kuma gyara ɗaya ya wadatar.

Karanta taswirar ba shi da wuya idan an san abu biyu. Inda layukan suka matsu, iska tana da ƙarfi. Inda suka yi wara-wara, iska ba ta da ƙarfi. A arewacin duniya kuma iska tana zagaya wurin da nauyinta ya yi ƙasa ta saɓanin tafiyar hannun agogo. Sai dai taswirar Jamusawa ba ta sauko har mashigin Gini ba, haka ma hasashen da dakarun gadin gaɓar tekun Amurka ke watsawa daga Chesapeake, wanda nakan tsinci muryarsa ta kwamfuta can cikin dare a kan kilohaz 8764 idan zango ya yi kyau, na ɓangarensu na Atlantika ne.

Daga nan na juya ga NAVTEX, wato na'urar da ƙanina ya ce tana buga takarda da kanta. Duk duniya a kan kilohaz 518 ake aika saƙonninta da Turanci, sai 490 don harsunan gida, kuma an tsara kowace tasha ta kai mil 250 zuwa 400 na teku. Tunda kowa zango ɗaya yake amfani da shi, sai aka yi rabon lokaci irin na adashi, kowa da ranar kwasarsa: kowace tasha tana da harafi daga A zuwa X, kowane harafi yana da minti goma, haruffa 24 sun cika awa huɗu cif, sannan a sake zagayowa. A Kano ban taɓa samun cikakken saƙo ɗaya a wannan zango ba, sai guntattakin haruffa cikin dare a lokacin sanyi, da damina kuwa ƙarar walƙiya takan binne komai. Don in koyi tsarin sai na yi amfani da na'urorin karɓa da masu sha'awar rediyo a Turai suka jona da intanet kowa ya saurara kyauta. Kowane saƙo yana farawa da ZCZC, yana ƙarewa da NNNN. Bayan ZCZC akwai harafin tashar, sai harafin irin saƙon, sai lamba biyu ta jeri. Harafin A gargaɗin hanya ne, kamar fitilar da ta mutu ko tarkacen jirgi, B gargaɗin mummunan yanayi, D neman ceto da 'yan fashin teku, E kuma hasashen yau da kullum. Matuƙi yana iya hana na'urarsa buga E idan ya ga dama, amma an ƙera ta yadda ba zai iya hana ta buga A da B da D ba. Kowane harafi sau biyu ake aika shi, idan biyun suka lalace sai na'ura ta sa alamar tauraro a gurbinsa maimakon ta yi ƙirƙira, kuma a ganina wannan gaskiyar ta na'ura ta fi duk wata ƙawa da ke cikin manhajojin yanayi na wayar hannu.

Hasashen da nake nema tun farko ta tauraron ɗan'adam yake zuwa. An raba tekunan duniya zuwa yankuna 21 da ake kira METAREA, kowanne da ƙasar da aka ɗora wa alhakin fitar da hasashensa. Gaɓar Najeriya, mai tsawon kilomita 853, tana cikin yanki na biyu, wanda ya taso daga saitin arewa maso yammacin Faransa ya gangaro har digiri 6 kudu da layin tsakiyar duniya, kuma hukumar yanayi ta Faransa ce ke da alhakinsa. Hukumarmu ta NiMet tana fitar da nata hasashen don ruwan da ke kusa da gaɓarmu, amma na faɗin teku daga can yake fitowa, sau biyu a rana, ta hanyar taurarin Inmarsat da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Tauraro ba ruwansa da ko kana kan ruwa ko kana Gwammaja, muddin eriyarka tana kallonsa. Na samo ƙaramar eriya mai faɗin tafin hannu wadda ke da abin ƙara ƙarfin sigina a cikinta, na hau rufi da sassafe kafin kwano ya yi zafi, na saita na'ura kusa da megahaz 1,540, na fuskanci yamma ina juya eriyar a hankali, ɗan autanmu yana ƙasa yana kallon kwamfuta. Da ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, tsaya nan, wani tudu ya fito," sai na ɗaure ta da waya a jikin ƙarfen tanki. Wata manhaja ta daban ce ke warware wannan siginar, kuma saƙonnin da nake karantawa na kowa da kowa ne, waɗanda aka aika wa dukkan jiragen da ke yankin.

Takardar hasashen ba ta canza tsari ko sau ɗaya. Kashi na farko gargaɗi ne idan akwai, idan babu a ce babu. Kashi na biyu bayanin inda manyan wuraren nauyin iska suke da inda suka nufa. Kashi na uku shi ne yankuna ɗaya bayan ɗaya daga arewa zuwa kudu, a wuce Madeira da tsibiran Kanari da Kef Bade, a zo Saliyo, sannan mashigin Gini, sannan Pointe-Noire. A kowane yanki ana fara faɗin ta inda iska ke fitowa da ƙarfinta, sai halin ruwa, sai ruwan sama ko tsawa, sai nisan da ido zai iya gani. Ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort ake faɗinsa, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Mataki na 4 shi ne mil 11 zuwa 16 na teku a awa, na 6 shi ne 22 zuwa 27, na 8 kuwa, wanda daga kansa ake fitar da gargaɗi, 34 zuwa 40 ne, mil ɗaya na teku kuma mita 1,852 ne. Halin ruwa ma kowace kalma tana da awonta: idan an ce matsakaici, tsayin igiya tsakanin mita 1.25 ne da 2.5, idan an ce mai tsanani, 2.5 zuwa 4. Gani mai kyau ya wuce mil 5, matsakaici 2 zuwa 5, mara kyau ƙasa da 2, idan kuma bai kai mita 1,000 ba to an shiga hazo sosai. Na rubuta waɗannan a kwali na manna kusa da agogon UTC, domin mai rubuta hasashen ba ya zaɓar kalma don daɗin ji, kowacce lamba ce a ɓoye.

Da na jima ina karantawa sai na lura cewa mashigin Gini ba ya cikin wuraren da ake yawan yi wa gargaɗin mataki na 8. Yawancin ranaku iska daga kudu maso yamma take, mataki na 3 zuwa 4, kuma manyan guguwowin teku masu juyawa ba sa ƙulluwa kusa da layin tsakiyar duniya, saboda ƙarfin juyawar ƙasa da ke murɗa su ya yi rauni a can. Abin da ke damun matuƙa a wannan ruwa daban ne. Akwai doguwar igiya mai tasowa daga guguwar da aka yi can kudancin Atlantika, wadda ke tafiyar dubban kilomita ta iso gaɓarmu ko da babu iska ko kaɗan, ta fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙanina ya ce ita ce ke hana jirage biyu jingina da juna don juye mai. Akwai kuma iskar hadari mai zuwa farat ɗaya daga gabas a farkon damina da ƙarshenta, wadda kan kai mataki na 8 na ɗan lokaci sannan ta wuce. Wannan ba baƙuwa ba ce ga Bakano, domin irin hadarin nan ne da ke haɗuwa ta gabas ya turnuƙe gari da ƙura kafin ruwa ya sauka. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma sai hazo. Ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, ta bi ta kanmu, ta hana jirage sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sannan bayan kwana ɗaya ko biyu in ga hasashen teku ya fara cewa gani ya ragu a mashigin Gini. A wannan fasali na shekara nakan riga takardar sanin abin da za ta faɗa, ta hanyar duba ko ana hango Goron Dutse daga rufinmu.

Alaƙar ba ta tsaya a iska kaɗai ba. Awon zafi da nauyin iska da ma'aikatan yanayi ke ɗauka a filin jirgin Kano, wanda lambarsa a rajistar hukumar yanayi ta duniya ita ce 65046, yana shiga cikin rumbun bayanan da ƙasashe ke musaya, tare da awon da jiragen ruwa masu sa kai ke aikowa daga tsakiyar teku, kuma daga wannan rumbu ne kwamfutocin hasashe ke ɗiba.

Ba yanayi kaɗai ke zuwa ta wannan hanya ba. Tsakanin hasashe da hasashe akan sami gargaɗin hanya, da sanarwar atisayen sojan ruwa, da rahoton 'yan fashin teku daga cibiyar da ke Kuala Lumpur, wadda aka kafa a 1992. Waɗannan su ne saƙonnin da nake karantawa da faɗuwar gaba, domin a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin Gini aka ɗauke su, ko da yake abin ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Aikin da masu gadin gaɓa ke yi a Amurka ko Birtaniya, a nan an raba shi ne tsakanin NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, da sojojin ruwa, kuma tun 2008 Legas ke da cibiyar daidaita ayyukan ceto ta yanki, mai kula da ruwan ƙasashe tara daga Togo har Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Idan jirgi ya shiga haɗari, jami'i yakan ɗaga murfin jan maɓalli ya danna na 'yan daƙiƙu, na'ura ta aika lambar jirgin mai alƙaluma tara da inda yake, sannan ya ɗauki makirfo ya ce Mayday sau uku. Lambar jiragen Najeriya da 657 take farawa. Na'urata ta sauraro ce kawai, ba ta iya aika komai, kuma haka ya kamata, domin magana a waɗannan zanguna sai mai lasisi da takardar shaidar horo, kiran agaji na ƙarya kuma laifi ne babba da kan janye jirgin ceto daga inda ake bukatarsa.

Wani abokina ya tambaye ni amfanin hawa rufi alhali wannan hasashe na yanki na biyu ana wallafa shi a intanet kyauta, kowa na iya karantawa a wayarsa. Gaskiyarsa ne, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a teku shawarata ita ce ya fara da can, ba sai ya sayi komai ba. Ni ma ranar da aiki ya yi mini yawa can nake dubawa. Amma da ban bi ta doguwar hanya ba, da ban san dalilin da ya sa takardar take gajeriya haka ba, ko dalilin da ya sa ba ta sauya jerinta. An rubuta ta ne don mutumin da ke tsaye cikin dare a jirgi mai tangaɗi, wanda Turanci ba harshensa ba ne, wanda wataƙila rabin saƙon ne ya iso masa, kuma duk da haka dole ya gane abin da ke tafe.

Yanzu da safe nakan duba takardar kafin in fita shago, in shiga in gaida Hajiya, ta ce, "Babana, yaya ruwan yau?" in gaya mata abin da aka rubuta ba ƙari ba ragi, iska kaza daga kudu maso yamma, igiya matsakaiciya, akwai yiwuwar tsawa da yamma. Na yi mata bayani tun farko cewa yanki ɗaya a takardar ya fi Najeriya faɗi, saboda haka tsawar da aka ambata tana iya sauka nesa da jirginsu da ɗaruruwan mil, kuma hasashe kintace ne na masana, sanin gaibu sai Allah. Rahoton 'yan fashi kuwa ba na kai mata sai na auna wurin a taswira na ga nisansa da hanyar da suke bi. A kwanan baya ƙanina ya aiko saƙo daga tasha cewa kamfaninsu ya mayar da jirgin zuwa Luwanda, babban birnin Angola, wanda ke kudu da digiri 8, wato ya fita daga yankin Faransa ya shiga yanki na bakwai, wanda hukumar yanayi ta Afirka ta Kudu ke kula da shi. Sunayen yankunan sababbi ne, lokutan aikawa daban ne, kuma a kudancin duniya iska tana zagaya wurin da nauyinta ya yi ƙasa ne ta bin tafiyar hannun agogo, saɓanin abin da na saba gani a taswirar Jamusawa, don haka na sayo sabon kwali na fara rubuta jadawalin daga farko.